Wayar Mujitaba Mai Rijiya

Kafin Malam Mujitaba ya taɓa wayarsa, sai ya cire hula ya goge babban yatsansa na dama a jikinta. Ba gogewa ɗaya ba. Yakan goge, ya duba yatsan, ya ƙara gogewa, sannan ya ɗora shi a bayan wayar a hankali, kamar mai jin zafin jikin jariri. Yatsan mai haƙar rijiya ne, duk ya tsattsage, jar ƙasa ta shige ciki ta ƙi fita ko da sabulu. Sau tari wayar takan ƙi buɗewa. Ba ya jin haushi. Sai ya ce, "Yau ba ta gane ni ba," ya kife ta a kan tabarma ya ci gaba da sauraron hira, can an jima ya sake gwadawa. Hulunansa duka a gefe ɗaya suka yi duhu.

Ba sai an faɗa wa mutumin Ƙofa ko wane ne Mujitaba Mai Rijiya ba, don rabin garin ruwan hannunsa suke sha. Daga kaka zuwa faɗuwar ruwan farko ba ya zaman gida. Yau yana Kiru, gobe a ce an gan shi a Ɗansoshiya, da igiya da diga da guga ɗaure a bayan babur. In aka kira shi aiki ba ya fara haƙa nan take. Sai ya tuɓe takalmi ya zaga gidan, ya dubi itatuwan da ke ciki, ya tsaya inda gara ta yi gini, ya yi shiru har mai gida ya fara tunanin ko ya manta abin da ya kawo shi. Sannan ya ja da'ira a ƙasa da ƙafarsa. A nan ruwan yake. In an tambaye shi yadda ya sani, sai ya ce, "Allah ne ya ajiye shi a nan," ya ɗauki diga.

Yayansa Malam Uba manomi ne. Zaure ɗaya suke shiga tun suna yara, kowa da sashensa a cikin gidan. Su biyun ba su cika magana ba. Sukan zauna daga la'asar zuwa magariba a ƙofar gida, abin da za su ce wa juna bai wuce a rubuta a tafin hannu ba, kuma kowa ya tashi yana jin an yi hira.

Auren Mujitaba na fari da wata 'yar makiyaya aka yi, Salamatu, wadda iyayenta suke sauka a bakin fadama duk rani. Zaman bai yi tsawo ba. Suka rabu da 'ya ɗaya a tsakaninsu, Fiddausi. Da aka yaye yarinyar, kakarta ta wajen uwa ta zo ta roƙi a ba ta riƙonta na damina ɗaya, mahaifinsu Mujitaba kuma, wanda a lokacin shi ne babba a gidan, ya ce a ba ta. A shekarar ne shanun suka yi kudu, ba su sake dawowa fadamar ba.

Mujitaba bai bi sahu ba. 'Yar fari ce, kuma irin tashin da aka yi musu, mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane, balle a gan shi yana yawon cigiyarsa. Tun daga ranar suna ba wanda ya ƙara jin kalmar Fiddausi a bakinsa. Akwai 'yar maƙwabta mai wannan suna, in zai aike ta sai ya ce, "Ke, zo nan." Daga baya ya auri Lubabatu, ta haifa masa Abdulbasit da Humaira, shekaru suka yi ta tafiya.

Abdulbasit ne, da ya girma ya buɗe shagon taki, ya saya wa mahaifinsa wayar, ya sa aka ɗaure ta da yatsansa don kada yaran gida su cinye masa kati. Da idon tsohon ya fara rauni kuma, sai ya ƙaro masa wata babba mai faɗi kamar faranti, don ya riƙa karanta Alƙur'ani da manyan baƙaƙe. Mutanen gidan suka sa mata suna allo. Ita ba da yatsa ake buɗe ta ba. Wasu ɗigogi ne suke fitowa a fuskarta, a haɗa su da zane, kuma Mujitaba da kansa ya zaɓi zanen ya juya baya.

Wata rana a gona, suna karyar masara, Mujitaba ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Yaya, mutanen nan an same su."

Malam Uba ya ce, "Waɗanne?"

"Na kudu."

"Madalla. Lafiya dai suke?"

"Lafiya lau."

Malam Uba ya jira ƙanensa ya ƙara. Ƙanen kuma, wa ya sani, wataƙila jira yake a tambaye shi. Suka gama kunyar, suka shiga ta gaba.

Bayan wannan da shekara biyu ko uku, cikin kaka, Mujitaba ya dawo daga masallaci da safe ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Ya kishingiɗa a rumfa. Kafin a samo mota, da hantsi, rai ya yi halinsa.

Malam Uba ne ya yi masa wanka, Abdulbasit yana zuba ruwa. Da aka zo hannun dama, Malam Uba ya riƙe shi yana cuɗa tsakanin yatsun, sai ya ji ruwan ya tsaya. Abdulbasit ya sunkuyo.

"Baffa, wayar tana aljihuna. Yatsan nan ne kaɗai... kafin a rufe."

Malam Uba ya ɗago ya dube shi. A waje ana ɗinkin likkafani, ana jin kukan mata daga ciki, mutane sun cika ƙofar gida suna jiran salla. Ya dubi hannun da ke cikin hannunsa.

"A nan?" in ji shi. "Zuba ruwa."

Abdulbasit ya zuba. Kafin azahar an kai Mujitaba makwancinsa.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Malam Uba ya shiga sashen mamacin ya tsaya daga bakin ƙofa don ya ƙara yi wa Lubabatu haƙuri. Tana zaune a bayan labule, ta shiga takaba. Bayan an gaisa sai ta ce, "Yaya, ita babbar 'yar tasa fa? Nisa ne ya hana ta isowa?"

Malam Uba ya ce, "Ai na ɗauka ku kuka aika mata."

"Mu kuma? Da wace lamba? Ni na ce ai Yaya ya san garin."

"Ni cewa na yi ai ke kike ɗaki ɗaya da shi."

Aka kira Abdulbasit. Shi ma ya ce ya ɗauka manya sun san komai, shi yaro ne, ina shi ina tambayar mahaifinsa irin wannan. Humaira da ta zo daga gidan mijinta ta ce ita ko sunan yayar tata a bakin maƙwabta ta fara jinsa.

Abin da Lubabatu ta sani ba shi da yawa. Duk Juma'a in an sakko daga masallaci, malam yakan ɗauki wayar ya zaga bayan rumbu, ya yi magana ƙasa-ƙasa a bakinta. Can da yamma sai wayar ta yi 'yar ƙara, ya sake zagawa, ya kara ta a kunne, ya dawo fuskarsa a sake. Sau ɗaya ya ce mata, "Yarinyar nan an samu ƙaruwa." Ba ta ce wace yarinya ba, don ta sani. Ba ta ce a ina ba, don kada ta sa shi jin nauyi.

Malam Uba ya koma zaure ya zauna. Duk wanda ya taɓa shan ruwan rijiyar Mujitaba ya zo ya yi masa addu'a. Makiyaya sun zo daga ruga, wasu sun zo daga Tudun Wada a bayan motar masara. Mutum ɗaya ce kawai ba ta ɗaga hannu ta ce Allah ya jiƙansa ba, ita ce kuwa ta fara kiransa uba, in ma ta taɓa samun damar kira. Tana can wani wuri tana tuƙa tuwo, a zatonta yana raye. Wannan shi ya hana Malam Uba sukuni. Liman ma ya ce ba za a taɓa gado ba sai an san inda take, amma ba gadon ne ya hana Malam Uba cin abinci ba.

Aka fito da wayar aka ajiye a tsakiyar tabarma. Abdulbasit ya ce bayan yatsa akwai wasu lambobi huɗu da suke buɗe ta, mai shagon da ya ɗaure ta ya ce wa baba ya zaɓa, baba kuma ya zaɓa a ɓoye.

"Sa shekarar haihuwarsa," in ji Humaira.

"Wace ce?"

Duk suka dubi Malam Uba. Ya ce shi dai ya san shekarar da fara ta cinye gero ce, yana riƙe da zanen kakarsu aka ce an haihu. Aka yi ta lissafi, aka sa wata shekara, wayar ta girgiza. Aka sa ta gaba da ita. Aka sa ƙarshen lambar babur. Sai wani rubutu ya fito, Abdulbasit ya ce wai ta ce a dakata.

"Wa za a jira?" in ji Malam Uba.

"Ba kowa, Baffa. Fushi ta yi. In muka matsa, ƙara tsawon jiran za ta yi."

Aka koma kan allo. Lubabatu ta ce ta sha ganin hannunsa yana yi, yatsan yakan gangaro ƙasa, ya karya gefe, sannan ya haura. Ko kuma haurawa yake fara yi. Da ta nuna a iska sai kowa ya ga kamar ya gane, da aka ɗora a kan ɗigogin sai abin ya watse. Humaira ta ce ta ji ana cewa in aka karkata gilashin a rana, maiƙon yatsa yakan nuna hanyar da ya saba bi. Aka fita tsakar gida aka karkata. Gilashin yana ta ƙyalli, fes, ko ɗigon ƙura babu.

Lubabatu ta ce daga bayan labule, "Ni na goge shi. Ranar da ya rasu. Na ga Alƙur'ani ne a ciki, ba zan bar shi da datti ba. Da turare ma na goge, na naɗe shi a sallaya."

Aka mayar da allon cikin sallayar.

Daga nan wayar ta koma hannun Malam Uba. Abdulbasit ya gargaɗe shi kada ya bari cajinta ya ƙare, don haka kullum da safe sai ya kai ta shagon caji da kansa, ya zauna a benci yana gadinta kamar wanda ya kai mara lafiya asibiti. Kira yana shigowa, shi kam ana iya amsawa, amma duk masu neman a haƙa musu rijiya ne, sai Malam Uba ya faɗa musu, su yi salati, su kashe. In kuma ta yi 'yar ƙarar nan ta saƙo, sai ya saɓa babbar riga ya nufi shagon taki. Abdulbasit ya leƙa ya ce, "Kamfanin layi ne, Baffa. Wai ka sayi waƙa." Juma'a ta zo, Malam Uba ya sa wayar a gaba tun daga sakkowa masallaci har kiran magariba. Ba ta ce uffan ba.

Ya fara bin mutane. Hamman, wanda ya shekara da shekaru yana ja wa Mujitaba guga daga bakin rami, ya ce lallai akwai tafiyar da malam yake yi shi kaɗai, ya kwana biyu ya dawo, kuma shi a ganinsa wajen Ɗansoshiya ne. Mai facin da ke bakin titi ya ce a'a, hanyar Tudun Wada yake ganin ya miƙa. Wani direba ya rantse ya taɓa ganinsa yana shan mai a Doguwa. Malam Uba ya hau mota ya je wata ruga da aka kwatanta masa a bayan Kiru, ya tarar da Salamatu har biyu, ba wadda ta taɓa aure a Ƙofa. Suka ba shi nono ya sha, ya dawo da ciwon baya.

A ƙarshe Abdulbasit ya ɗauke shi a babur suka tafi Bebeji wajen Ɗanliti mai gyaran waya. Ɗanliti ya juya wayar, ya juya allon, ya tsotsi haƙori.

"Baba, buɗewa kam zan buɗe muku yanzun nan. Filashin zan yi musu. Amma duk abin da ke ciki ya tafi, za su dawo kamar yau aka ciro su daga kwali."

"To me aka buɗe ke nan?"

"Shi ne dai. Ɗakin za ka samu, amma an share shi."

"Ɗana, ni ba ɗakin nake so ba. Mutum ce a ciki."

Ɗanliti ya dubi Abdulbasit, Abdulbasit ya yi masa bayani a taƙaice. Malam Uba ya daɗe yana murza carbi, sannan ya yi tambayar da ta hana shi sakat tun ranar wanka. "Da a ce an ɗora yatsan nasa, bayan ya cika, da ta buɗe?"

"Wallahi Baba, wasu sun ce tana yi in jikin bai huce ba. Wasu sun ce ba ta karɓar yatsan da ba rai. Ni ban taɓa gwadawa ba, Allah kada ya sa in gwada."

Malam Uba ya so a ce masa ya yi daidai, ko a ce masa ya yi kuskure. Ko wanne aka ba shi zai iya ɗauka ya tafi da shi gida. Sai ga shi an ba shi duka biyun.

Ɗanliti ya ce akwai wata dabara. A cire layin daga wayar a sa a wata, a buɗe wasaf da lambar mamacin. Tsofaffin saƙonni ba za su biyo ba, suna nan a kulle inda suke. Amma duk wanda ya aiko da sabo, a sabuwar wayar zai sauka, a ga lambarsa a fili.

"In ba ta aiko ba fa?"

"Sai haƙuri, Baba."

Malam Uba ya ce a ba shi lokaci. Ya fita ya tsaya a inuwar shagon yana kallon masu wucewa. Yana ganin kamar in an zare abin nan, wayar ta mutu ita ma, kuma shi ne ya sake cewa a rufe. Amma ita 'yar fari ce, kunyar da uban yake ji ita ma tana ji. In shi ne kullum yake fara magana, to jira take, kuma za ta yi ta jira. Sai dai jira yana da iyaka. Ya koma ciki ya ce, "Cire."

Ɗanliti ya sa wata 'yar allura ya zaro abin, ɗan ƙarami kamar farcen yaro. Malam Uba ya yi mamakin a ce duk wannan wahala a kan wannan ne.

Juma'a ta sake zuwa ta wuce, wata ma ta wuce. An fara maganar sadakar arba'in. Ran nan da la'asar Malam Uba yana zaure yana gyaran igiyar awaki, sai ga Abdulbasit ya shigo ko sallama bai gama ba, ya durƙusa ya miƙo wayar da aka mayar da layin cikinta.

"Baffa, saurara."

Muryar wata 'yar yarinya ce, tana magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin rafi.

"Kaka! Mijina malalaci! Ka gudu ka bar mu da rami a tsakar gida ko? Jiya saura kaɗan akuyarmu ta faɗa. In ba ka zo ba na sake ka, na auri mai rake." Sai aka ji wata murya ta babbar mace can ƙasa-ƙasa tana faɗa mata wani abu. Yarinyar ta dawo: "Wai an ce in ce, lafiya dai ko? Wai an ji shiru."

Malam Uba ya ce a sake sawa. Aka sake. A karo na uku ba yarinyar yake saurara ba, muryar bayan yake kasa kunne ya ji.

Abdulbasit ya ce, "In kira yanzu?"

"Ka ce me?"

Abdulbasit ya sauke wayar.

"Ba a faɗa wa mutum mutuwar ubansa ta cikin wannan abin," in ji Malam Uba. "Amma kuma ban san inda zan je ba." Ya riƙe wayar ya rasa ta inda ake magana, sai da aka nuna masa inda zai danna. Ya yi gyaran murya. "'Yan mata, yayan mijin naki ne. Ki ba wa babanki waya, ina son magana da shi."

Ba a jima ba kira ya shigo. Namiji ne, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce sunansa Mas'ud, tela ne a Riruwai, wayar tasa ce. Malam Uba ya faɗi sunansa, ya ce yana so a yi masa kwatancen gidan, gobe in Allah ya kai mu yana tafe. Aka yi shiru a can ɓangaren har Malam Uba ya ɗauka layin ya yanke. Sannan ya ji Mas'ud ya yi salati a hankali, irin na wanda ba ya so na kusa da shi su ji.

"Ka riƙe a cikinka, ɗana," in ji Malam Uba. "Ni ya kamata in faɗa."

Washegari suka kama hanya shi da Abdulbasit, wayar da allon suna cikin jaka a naɗe a sallayar Lubabatu. Bai san dalilin da ya sa ya ɗauko su ba, ya dai ga bai kamata a bar su a gida ba. Suka wuce Tudun Wada, suka ratsa daji, suka sauya mota a Doguwa. Duk tsawon hanyar Malam Uba yana shirya maganar da zai yi, in ya shirya sai ta rushe. Da duwatsun Riruwai suka bayyana, bai da ko kalma ɗaya a hannu.

Mas'ud ya tarye su a bakin kasuwa, ya kai su wani ɗan gida a gefen gari. Aka yi musu shimfiɗa a rumfa. Wata mata ta fito da kwanon ruwa, doguwa, ta kusa shekara arba'in. Tafiyarta kawai Malam Uba ya gani ya kawar da kai, don haka innarsu take taka ƙasa. Ta durƙusa nesa kaɗan ta ajiye kwanon. Ta dubi fuskarsa, ta dubi Abdulbasit, ta dubi ƙofa ko akwai na uku.

"Fiddausi," in ji Malam Uba. Sunan ya yi masa nauyi a baki, ya daɗe ba a faɗe shi a gidansu ba. "Ni ne Baffanki Uba. Wannan ƙanenki ne. Sai dai mu yi haƙuri. Wanda ya fi mu sonsa ya karɓi abinsa."

Ba ta yi ihu ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Da ta samu murya sai ta ce, "Yaushe?"

Ya faɗa mata. Ta ƙirga a ranta, ya ga tana ƙirgawa, ya sunkuyar da kai. Ya so ya yi mata bayanin yatsa da ɗigogi da layi, sai ya ga shi kansa bai gane ba balle ya fahimtar da wani. Abin da ya iya cewa shi ne, "Ba mu san hanya ba." Ta ɗaga hannuwa biyu, suka ɗaga tare da ita, ta yi wa mahaifinta addu'a har muryarta ta dushe. Malam Uba ya shafa.

Ya warware sallayar ya tura mata wayar da allon. Ya ce a kulle suke, muryoyinsu duk suna ciki, an rasa yadda za a yi. Ta ɗauki wayar ta riƙe da hannu biyu, ba ta nemi ta kunna ba.

Mas'ud ya ce, "Baba, ai nasa duk suna nan a tawa. Ba ta bari a goge ko ɗaya." Ya lalubo ya danna. Sai ga muryar Mujitaba a rumfar, ƙasa-ƙasa, da kukan kaji a bayansa, kajin gidansu na Ƙofa.

"Muhsina amarya, kin ƙi ni ko? To ki gaya wa mutanen gidan ina gaishe su. Ki ce kada a riƙa ɗaukar tulu mai nauyi, bayan mutum ba ƙarfe ba ne. In an gama yankan dawa ina tafe."

Muhsina, mai sakin miji, tana maƙale a jikin ƙofa tana kallon baƙi, ba ta san me ya sa kowa ya yi shiru ba.

Mas'ud ya ce wani mai sayen shanu ne ya haɗa su. Ranar da tsohon ya fara zuwa, a zaure ya tsaya, ya ce shi mai haƙar rijiya ne, ya ji an ce ruwa yana yi wa unguwar nan wuya. Ya tuɓe takalmi ya zaga gidan. Fiddausi tana ganinsa ta shige ɗaki. Tun daga nan in ya zo sai ya shiga rami, Mas'ud yana ja masa guga, ita kuma ta kawo abinci ta ajiye a bakin ramin ta ce, "Sannu da aiki," daga ciki a ce, "Yawwa, sannu." Iyakar maganarsu ke nan. Sauran duk ta bakin Muhsina ake yi.

"Tun yaushe ya fara?" in ji Malam Uba.

"Wannan ranin ne zai zama na uku."

Malam Uba ya jinjina kai. Ya san ƙanensa yakan gama rijiya kafin wata ya juya, ko da a kan dutse ne.

Suka tashi Mas'ud ya kai su bayan ɗakin girki. An rufe bakin ramin da katako da ƙaya. Ya janye katako biyu. Malam Uba ya dafa gwiwa ya leƙa. Bangon ramin sumul yake kamar an shafe shi da hannu, ga matakan ƙafa an sassaƙa a jere har ƙasa. Can ƙasan, inda haske yake ƙarewa, digar tana jingine, ƙasar da ke gindinta ta yi baƙi da danshi, sanyinta yana tasowa har fuska.

"Zuwansa na ƙarshe na ce masa, Baba, ai ga ruwa nan, a ƙarasa mana yau," in ji Mas'ud. "Sai ya fito ya wanke ƙafa, ya ce ba sauri ake ba, a bari sai ya dawo."